Shafewa da Ƙaddarawa: Tarihin Cike Giɓin Hujja a Majalisun Makka

Yawancin hujjojin da mutane ke kafawa da baki ba cikakku ba ne. Alhajin da ya ce wa abokin tafiyarsa a Mina, "Rana ta yi zawali, tashi mu je jifa," ya kawo dalili ya kawo sakamako, amma ya bar abin da ya haɗa su, wato cewa a kwanakin da ke bin ranar Sallah lokacin jifa yana shiga ne bayan rana ta karkata. Bai faɗa ba domin ya san abokin ya sani, abokin ma ya san da hakan. Da zai tsaya jero kowane mataki, sai a ce ya raina wa mutum hankali. Malaman nahawu da balaga suna kiran barin wani yanki na magana hazafi, wato shafewa, maido da shi a zuci kuma taƙdiri, wato ƙaddarawa. Malaman manɗiƙi kuwa damiri suke ce wa hujjar da aka ɓoye ɗaya daga muƙaddimominta. Wannan aiki da ɗan Adam ke yi ba tare da ya lura ba yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu ƙera ƙirƙirarriyar basira tun shekarun 1950, alhali fiye da shekara dubu kafin nan malaman Musulunci ke tsara ƙa'idojinsa a rubuce. Kaso mai tsoka na waɗannan rubuce-rubuce a Makka aka yi shi, ko kuma a hannun waɗanda suka zauna a cikinta.

Shafewa ba ta yiwuwa sai mai magana da mai sauraro sun yi tarayya a wani sani. A garin da kowa ya san kowa rabin karin magana ya isa: a ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta" a yi shiru, kowa ya ƙarasa a ransa. Makka kuwa tun kafin Musulunci gari ce ta fatake da mahajjata, ga kasuwannin shekara-shekara na Ukaz da Majanna da Zul Majaz inda ƙabilu masu karin harshe daban-daban ke haɗuwa. Da Musulunci ya yaɗu, baƙin suka zama mutanen Andalus da Khurasan da Yaman, daga baya na Indiya da Jawa da ƙasar Takruru. Malamin da ya zauna a gindin ginshiƙi a Masallacin Harami ba shi da tabbacin cewa wanda ya durƙusa a gabansa ya san abin da mutanen gari suka sani. Wannan hali yakan tilasta wa mai koyarwa tunanin abin da za a iya bari, da abin da dole a faɗa, da alamar da mai sauraro ke bi har ya gano abin da aka bari.

Malaman nahawun Basra ne suka fara tsara batun. Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekarar 796, ya kawo misalin mutumin da ya hangi wani cikin shigar mahajjata ya miƙi hanya, sai ya ambaci sunan Makka kaɗai da wasalin da ke nuna karɓau, ya bar aikatau ɗin "ya nufi", domin shigar matafiyin ta riga ta faɗe shi. Haka wanda ya jiyo kabbarar masu duban wata daga nesa, ambaton jinjirin wata kawai ya wadatar da shi. Ke nan tun daga farko an gane cewa abin da aka shafe ba lalle a same shi a cikin jimla ba. Sau da yawa yana cikin halin da masu maganar suke ciki.

Wanda ya ɗauki batun daga jimla ya kai shi ga hukunci shi ne Imamu Muhammad bn Idris Shafi'i. An haife shi a Gaza a 767, aka kawo shi Makka yana ƙaramin yaro, ya yi zama a ƙauyen Huzailawa don ya sha Larabci daga tushe, ya yi karatu a wurin Muslim bn Khalid Azzanji da Sufyan bn Uyaina, sannan ya tafi Madina wurin Imamu Malik. Bayan ya zaga Yaman da Iraƙi ya dawo ya kafa majalisinsa a Harami na tsawon shekaru, kuma a nan Ahmad bn Hambal ya zauna a gabansa. Littafinsa na Risala, wanda siffarsa ta ƙarshe ta kammala a Masar kafin rasuwarsa a 820, ya fara ne da bayanin yadda Larabawa ke magana. Ya nuna cewa sukan faɗi lafazi mai gamewa suna nufin gamewar, sukan faɗe shi suna nufin wani yanki kawai, kuma sukan faɗi abin da zubin maganar ke nuna ba zahirinsa ake nufi ba. Daga cikin misalansa akwai wurin da 'yan'uwan Annabi Yusufu suka nemi mahaifinsu ya tambayi alƙaryar da suka je da ayarin da suka biyo. Babu mai hankalin da zai ɗauka ganuwa da raƙuma za a tambaya. Mutanen gari da 'yan ayari ake nufi, kuma mai sauraro ne ke ƙarasawa.

Abin da ya fi muhimmanci a Risala game da wannan batu shi ne rabon ilimi gida biyu. Akwai ilimin gama-gari wanda babu baligi mai hankali da za a yi wa uzurin jahiltarsa: salloli biyar, azumin Ramadan, Hajji ga mai iko, zakka, haramcin zina da kisa da sata da giya. Jama'a ce ta karɓo shi daga jama'a, ba a jayayya a kansa. Akwai kuma ilimin keɓantattu, na rassan hukunci da ruwayoyin ɗaiɗaiku, wanda sai masana. Wannan rabo shi ne ma'aunin shafewa a fagen fiƙihu. Muƙaddimar da ke cikin gida na farko ana iya barinta a gaban kowa, ta gida na biyu kuwa sai a tsakanin malamai. Malaman usulu da suka biyo baya sun rarrabe hanyoyin da lafazi ke nuna abin da bai furta ba. Hana gaya wa iyaye ko da kalmar ƙosawa ya ƙunshi hana dukansu, tun da duka ya fi muni. Wannan shi ne mafhumin muwafaƙa. Ruwayar da ke bayyana cewa an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa ba za ta tsaya a zahirinta ba, domin mutane suna ta kuskure suna ta mantuwa, don haka dole a ƙaddara cewa zunubin aka ɗauke; wannan ita ce dalalar iƙtila'i. Hanafawa sun ƙara wani sharaɗi mai kyau a nan: abin da larura ta sa aka ƙaddara, a tsayar da shi gwargwadon larurar, kada a faɗaɗa shi.

Wata hanyar ta biyo ta ƙasar Girka. Aristo, a littafinsa na fasahar huɗuba, ya ce mai jawabi ba ya jero muƙaddimar da masu sauraro suka sani, ya ba da misalin gwarzon da ya ci gasar Olimfiya: ba sai an ƙara da cewa ladan gasar kambi ne ba, kowa ya sani. Da aka fassara littattafansa a Bagadaza, Farabi (ya rasu 950) da Ibn Sina (ya rasu 1037) suka faɗaɗa bayanin, suka jaddada cewa ba sanin kowa kaɗai ke sa a ɓoye muƙaddima ba. Wani lokaci ana ɓoye ta ne domin in ta fito fili za a ga ba ta da ƙafa. Imamu Juwaini, wanda zamansa na shekara huɗu a Hijaz ya jawo masa laƙabin Imamul Haramaini, ya kusantar da usulu ga irin wannan tunani, almajirinsa Gazali kuma, wanda ya yi Hajji a 1096, ya buɗe littafinsa na Mustasfa da gabatarwa a kan manɗiƙi. A can ya kawo misalin mai tsegumi da ke cewa wane maci amanarka ne, don an gan shi yana raɗa da maƙiyinka. Cikakkiyar hujjar tana buƙatar a ce duk mai raɗa da maƙiyi maƙiyi ne, kuma da an furta haka sai mai sauraro ya tuna cewa mutum kan yi raɗa da maƙiyi don ya yi masa nasiha ko ya yaudare shi. Daga nan aikin mai ƙaddarawa ya zama biyu: ya gano abin da aka bari, ya kuma auna shi.

A ƙarni na 12 Mahmud Zamakhshari, mutumin Khuwarizm, ya yi dogon zama a Makka har aka yi masa laƙabi da Jarullah, maƙwabcin Allah. A nan ya rubuta tafsirinsa Kashshaf tsakanin 1132 da 1134, bisa ƙarfafawar wani sharifin garin, Ibn Wahhas. Ya gina aikin a kan balagar Abdulƙahir Jurjani, kuma salonsa sananne ne: ya sa tambaya a bakin mai karatu, ya amsa. Da yawa daga tambayoyin a kan abin da aka shafe suke. A labarin Annabi Musa da neman ruwa, an umarce shi ya bugi dutse da sandarsa, sai labarin ya tsallaka ga ɓuɓɓugowar idanun ruwa goma sha biyu, ba a ambaci bugun ba. Zamakhshari ya nuna cewa ɗan harafin da ya haɗa jimlolin biyu ne ke tona wannan mataki. Sai dai Kashshaf ya kuma zama darasi a kan haɗarin sana'ar. Marubucinsa Mu'utazili ne, kuma a wurare da dama abin da ya ƙaddara ya zo daidai da aƙidarsa, har malamin Malikiyya na Iskandariyya, Ibn Munayyir, ya rubuta littafi yana bin sawunsa wuri bayan wuri. Mai cike giɓi yakan cike shi da abin da ke cikinsa, ya jingina wa mai magana.

Shi kansa Masallacin Harami ya daɗe yana nuna wa ido cewa jama'ar da ke cikinsa ba sani ɗaya suke tarayya a kai ba. Ibn Jubair na Andalus, wanda ya iso Makka a 1183, ya tarar da limamai huɗu na mazhabobin Sunna, kowa da wurin tsayuwarsa a gefen Ka'aba, ga kuma na Zaidiyya. Sukan yi salla bi da bi, amma da magariba, saboda ƙurewar lokaci, gaba ɗaya suke tayarwa. Ya ba da labarin yadda kabbarori ke sarƙewa daga kowace kusurwa, har Bamalike ya yi ruku'u da kabbarar limamin Shafi'iyya ko na Hanafiyya, wani ya yi sallama da sallamar limamin da ba nasa ba, kowa ya kasa kunne yana neman muryar limaminsa. Haka abin yake a fatawa. Wanda ya zo ya ce hannunsa ya taɓa na matarsa a cunkoson ɗawafi, yana tambayar alwalarsa, ya bar muƙaddimar da amsa ta rataya a kanta. A wurin Shafi'iyya haɗuwar fata da fata tana warware alwala, a wurin Malikiyya sai in an nufi jin daɗi ko an same shi, a wurin Hanafiyya taɓawa kaɗai ba ta warwarewa. Mai tambayar bai ambaci mazhabarsa ba domin a garinsu ba a taɓa buƙatar ambatonta ba. Shihabuddin Ƙarafi, babban Bamaliken Masar da ya rasu a 1285, ya yi wa mai fatawa kashedi cewa in baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya ɗora shi a kan al'adar garinsa, ya tambaye shi al'adar ƙasarsu, musamman a lafuzzan rantsuwa da saki da ciniki, ya yi masa fatawa da ita.

Ba kowa ya yarda cewa maganar yau da kullum tauyayyiya ce ba. Ibn Taimiyya (ya rasu 1328), a raddinsa ga masu manɗiƙi, ya musanta cewa dole kowace hujja ta tsaya a kan muƙaddima biyu. A ganinsa adadin ya danganta ga mai sauraro. Wanda ya san duk mai sa maye haramun ne, bai dai san wannan abin sha yana sa maye ba, muƙaddima ɗaya ta ishe shi. Wani kuma sai an kawo masa uku ko huɗu. Wannan magana tana da ƙarfi, domin ta mayar da ma'aunin cikar hujja daga takarda zuwa kan wanda ake yi wa magana.

Ƙa'idoji mafi tsari sun fito ne daga alƙalamin Ibn Hisham Al'ansari na Alƙahira, mai littafin Ƙaɗrun Nada da ɗaliban nahawu a ƙasar Hausa suka sani. Ya rubuta wani littafi a kan li'irabi a Makka a shekarar 749 ta Hijira, ya ɓace masa a hanyar komawa Masar. Ya dawo a 756, wato 1355, ya sake gina shi da sunan Mugnil Labib. A babi na biyar ya jero sharuɗɗa takwas na shafewa, na farkonsu samuwar alama, ko ta hali ko ta lafazi: wanda ya ga mutum ya ɗaga bulala, in ya ambaci sunan Zaidu kawai an san "doki" yake nufi. Bai tsaya nan ba, ya shiga tambayoyin da mai ƙaddarawa ke fuskanta a aikace. A ina za a mayar da abin da aka shafe? A gurbinsa na asali. Nawa za a ƙaddara? Mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Da wane lafazi? Da irin wanda aka riga aka ambata, matuƙar akwai hali. Sannan ya raba aikin ɗan nahawu, wanda ke ƙaddara abin da ginin jimla ya tilasta, da na mai tafsiri, wanda ke ƙaddara abin da ma'ana ta nema. Duk mai son rubuta wa na'ura ƙa'idar cike giɓi zai ga cewa waɗannan su ne tambayoyinsa.

Ta hanyar Hajji da littattafai wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa, ya kuma koma Makka da ƙafafun 'ya'yanta. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a manɗiƙi har ya yi musayar baitoci da Suyuɗi, wanda ke haramta fannin. Sullam na Abdurrahman Akhdari, wanda aka tsara a wajen 1535 kuma ake karanta shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya tanadi halascin shafe muƙaddima ko natija idan an san ta. Muhammad Alkashinawi, malamin Katsina, ya yi Hajji a wajen 1730, ya zauna a Makka, sannan ya ƙarasa rayuwarsa a Alƙahira a 1741, kuma cikin abin da ya bari akwai waƙen manɗiƙi da sharhinsa. Amma wurin da almajiri ya fi gogewa da ƙaddarawa shi ne Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da aka matse shi matuƙa. Marubucin ya sanar tun a gabatarwa cewa wani lamiri yana nufin Mudawwana, wata kalma Lakhmi, wata Ibn Yunus, wata Ibn Rushd, wata Mazari, kuma a cikin mafhumai na sharaɗi kawai ya lizimta. Wato ya fara ƙulla sanin tarayya da mai karatu, sannan ya yi ta shafewa bisa wannan yarjejeniya. A zaure almajiri na jan kalma biyu ko uku, malam na fassarawa yana mayar da aikatau da aikau da sharaɗin da aka tsallake, har guntun layi ya zama bayani mai tsawo. Ɗaya daga manyan sharhohin littafin, Mawahibul Jalil, na Muhammad Alhaɗɗab ne, haifaffen Makka a 1497, wanda kuma ya yi wa Waraƙat na Juwaini sharhi.

Majalisun Harami sun ci gaba da wannan tsari har ƙarni na 20. Baturen Holan Snouck Hurgronje, wanda ya shiga Makka a 1885, ya siffanta da'irorin ɗalibai a kewaye da malamai a lokacin da Ahmad Zaini Dahlan ke muftin Shafi'iyya. Sharhin Dahlan a kan Ajurrumiyya har yau ana buga shi. A shekarun 1870 Rahmatullah Kairanawi, malamin Indiya da ya yi suna a muƙabalarsa da ɗan mishan Pfander a Agra a 1854, ya kafa makarantar Saulatiyya. Shehu Muhammad Ali bn Husaini Almaliki, wanda ya rasu a 1948, ya tace littafin Furuƙ na Ƙarafi. A wannan zamani ne kuma Hausawa da Fulani da Barebari suka yawaita a garin, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a unguwanni irin su Misfala da Jarwal, zuriyarsu na ɗauke da sunaye irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Wasunsu sun yi wa alhazan ƙasarsu tafinta, kuma tafinta a wurin fatawa ba kalmomi kaɗai yake juyawa ba, yakan sanar da malam abin da mai tambaya ya ɗauka kowa ya sani. Bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924 aka haɗa jama'a bayan limami ɗaya, aka kuma rushe gine-ginen mazhabobin a aikin faɗaɗa masallaci da aka fara a 1955. An buɗe Kwalejin Shari'a a 1949, wadda ta zama tushen Jami'ar Ummul Ƙura a 1981, usulu da balaga suka koma aji da allo.

A daidai wannan lokaci, a wata duniyar, masana lissafi da kwamfuta suka ci karo da matsalar ta hanyarsu, wadda ta biyo ta Aristo da manɗiƙin lissafi na zamani. A 1958 John McCarthy na Amurka ya gabatar da shawarar manhajar da za ta yi tunani da sanin yau da kullum, ya ba da misalin mutumin da ke zaune a teburinsa yana son zuwa filin jirgin sama. Nan take ta bayyana cewa wannan ɗan ƙaramin aiki ya dogara da tulin abubuwan da ba mai faɗarsu. Kwamfuta baƙuwa ce ga komai: ba ta da gari, ba ta da mazhaba, ba ta taɓa jin ƙishirwa ba. A wannan shekarar Stephen Toulmin na Ingila ya fitar da tsarinsa na hujja, inda ya ware gurbi na musamman ga ƙa'idar da ke halatta tsallakawa daga dalili zuwa sakamako, wadda yawanci ba a furta ta. David Lewis a 1969 da Robert Aumann a 1976 suka fayyace sanin tarayya: bai isa kowa ya sani ba, sai kowa ya san kowa ya sani, ya kuma san an san ya sani, haka har ba iyaka. Shi ya sa shela a bainar jama'a, irin sanarwar ganin watan Zulhajji, take yin abin da raɗa ga mutum ɗaiɗai ba ta yi, ko da labarin ya kai ga kowa.

A 1980 Raymond Reiter ya tsara manɗiƙin da ke karɓar hukunci na wucin gadi: in an ce tsuntsu a ɗauka yana tashi, sai in ta bayyana jimina ce, a janye. Ɗalibin usulu zai tuna da gamammen lafazi da keɓance shi, da kuma istis'habi, wato barin hukunci a kan asalinsa har dalili ya zo. Douglas Lenat ya bi doguwar hanya. Daga 1984, a aikin da aka sa wa suna Cyc a jihar Texas, ma'aikatansa suka riƙa ɗaukar jimlolin kundin sani suna tambayar me marubucin ya ɗauka mai karatu ya riga ya sani, suna shigar da shi da hannu. Aikin ya ci shekaru kusan arba'in har rasuwar Lenat a 2023, ya tara miliyoyin ƙa'idoji, bai kai ga ƙarshe ba. Phan Minh Dung a 1995 ya samar da lissafin yadda hujjoji ke rushe juna, Douglas Walton ya tattara sifofin hujjojin yau da kullum da tambayoyin da ake gwada kowace da su. Anthony Hunter da Elizabeth Black suka tsara damiri kai tsaye: mai magana na riƙe da cikakkiyar hujja, ya cire abin da yake zaton abokin maganarsa ya sani, mai sauraro kuma ya ƙara daga abin da shi yake zaton sun yi tarayya a kai. Idan zaton biyun ya saɓa, hujjar da aka karɓa ba ita aka aiko ba. A nan aka dawo kan matsayin Ibn Taimiyya, cewa cikar hujja gwargwadon mai sauraro ce.

Wahalar da ta fi tsayawa a wuya ita ce kowace hujja, komai raunin ta, ana iya gyara ta da ƙarin muƙaddima ɗaya mai cewa in dalilin ya tabbata sakamakon ya tabbata. Don haka na'urar da ta iya toshe giɓi ba ta yi komai ba tukuna. Robert Ennis ya bambanta a 1982 tsakanin muƙaddimar da hujja ke buƙata da wadda mai maganar ya yi amfani da ita a zahiri, bambancin da ke kusa da na Ibn Hisham tsakanin ɗan nahawu da mai tafsiri. A 2018 aka shirya wa manhajoji jarrabawar zaɓen muƙaddimar da aka ɓoye daga cikin biyu. Manhajar BERT ta ci kashi 77 cikin 100, dab da mutane, sai Timothy Niven da Hung-Yu Kao na Taiwan suka nuna a 2019 cewa alamomin sama-sama take bi, irin kalmar korewa. Da aka daidaita tambayoyin, sakamakonta ya faɗo zuwa na mai canki-canka. Manyan manhajojin harshe da suka bazu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 sun fi haka ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma daga rubutun da suka fi cin karo da shi suke ɗebo abin cikewa. Al'ummar da rubutunta ya yi ƙaranci a intanet, kamar Hausawa, tana cikin haɗarin a ƙarasa mata magana da al'adar wasu, wanda shi ne ainihin abin da Ƙarafi ya hana.

Batun ya dawo Harami da kansa. Fassarar huɗubar Arfa kai tsaye, wadda aka fara da harsuna biyar a 2018, ta haɗa da Hausa a 2020, kuma masu fassarar na yanke irin hukuncin da tafintocin Misfala ke yankewa, na abin da za a bari a dunƙule da abin da za a warware wa mai sauraro. A 'yan shekarun nan hukumar kula da Masallatai Biyu ta sa mutum-mutumin shiryarwa masu allon taɓawa a harabar masallacin, suna aiki da harsuna 11 har da Hausa. Suna bayar da bayanin ayyukan Umara da Hajji da amsoshin tambayoyin da aka saba yi, amma an ƙera su ta yadda za su haɗa mai tambaya da malami daga nesa, tare da fassara, idan tambayar ta zama fatawa. Mai tambayar alwala a ɗawafi har yanzu ba ya faɗin mazhabarsa, ba ya faɗin ko ya nufi wani abu da taɓawar, kuma malamin da ke ɗaya ɓangaren ne ke fara tambayarsa daga wace ƙasa ya zo.